Girki Bayan Idona Ya Tafi

Idona bai tafi rana ɗaya ba. Daga gefe ya fara ci, har ya zamana kamar ta bakin tulu nake leƙen duniya, daga baya bakin tulun ma ya rufe. Likitan da ya duba ni a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, kuma na zo a makare. Na dawo Jibiya, na lulluɓe keken ɗinkina da tsohon zane.

Rashin ganin na karɓe shi, tunda Allah ne ya kawo. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne zaman da aka ɗora mini. Yayata ta taso daga Daddara ta tare a gidana don ta taimaka, kuma tsakani da Allah ta yi. Amma ranar da ta tarar da ni ina laluben albasa a kwando, sai ta zare wuƙar daga hannuna.

"Zauna. Ke dai zauna kawai, me kike so in yi miki?"

"Yaya, miya zan yi."

"Ki yanke yatsa mu shiga uku? Zauna."

Haka na zauna. Masu zuwa dubiya su shigo, ina kan tabarma a gabansu, su tambayi Yaya, "Ya jikin nata? Tana cin abinci kuwa?" Kamar kunnen ma ya bi idon.

Maigidana direba ne, yana ɗaukar kaya zuwa Maraɗi. Da ya ga ina ramewa, ya yi cigiya har aka ce masa akwai ƙungiyar makafi a gari. Ya kai ni. Maza ne cike da zaure, suka yi mini maraba, suka ce ba sai na riƙa wahalar zuwa ba, in an samu tallafi ana aika wa mata nasu har gida. Na ce ba tallafi ya kawo ni ba. Shugabansu ya ce to in zo ranar da baƙi za su zo daga birni, in faɗa musu da bakina.

Ranar muka sha rana a kan benci tun hantsi. Aka yi jawabai, aka ba kowa shinkafa da sabulu da baƙin tabarau, aka ce mu ɗaga kayan sama za a ɗauki hoto. Da aka ba da damar tambaya na miƙe, na ce ina son wanda zai koya mini girki ba tare da ido ba. Sai na ji muryar babban baƙon ta juya wajen maigidana.

"Alhaji, ka ce mata ta yi haƙuri, za mu duba."

Na koma na zauna. Matar da ke kusa da ni ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta laluba ta kama hannuna.

"Mi kika iya dahwawa da, kahin idon?"

Daga jin harshenta na san daga hayin iyaka take. Mutuniyar Maraɗi ce, ƙyanda ta tafi da idonta tun tana ƙarama, kuma ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta makafi a can. Duk ranar kasuwa takan shigo mota ta sauka Magama, nan bakin iyaka ta ɓangarenmu, wurin ƙanwarta. Ta ce in zo, akwai mata makafi 'yan kaɗan da suke haɗuwa a tsakar gidan tana koya musu girki.

A nan na sake riƙe wuƙa. Inna muke ce mata, don ta girme mu duka. Ta koya mana lanƙwashe yatsu a kan albasa yadda kaifin zai bi bayan gaɓa. Ta koya mana jefa ɗan yankin albasa a mai mu saurari ƙararsa, mu san ya yi zafi. Gishiri da ashana da ludayi, kowanne da mazauninsa, kuma duk wanda ya gusar da shi a gida, ta ce mu yi masa faɗa ko da maigida ne. Ba ta da lallashi. Ranar da na ƙona gefen hannu a bakin tukunya na yi ƙara, cewa ta yi, "To, yanzu kin san inda bakin yake." Da na koma gida Yaya ta ga ƙunar, ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Amma a makon ne na yi miyar kuka da hannuna, ta ci, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba.

Tuwo ya rage. Inna ta ce shi ne mai haɗari, saboda tafasar ruwa da tuƙi da sauke tukunya, sai ta riƙe hannun kowacce a kan muciya kafin ta yarda mu yi mu kaɗai. Muka sa ranar kasuwa mai zuwa. Kafin ranar aka rufe iyaka.

Masu ido sun samu hanyarsu, suna bin daji a kan babur. Tsohuwa makauniya fa, wa zai goya ta ya ratsa dajin da kowa ya san halin da yake ciki? Ta gwada koya mini ta waya. Ina tsugune gaban murhu, wayar a kunne, tana cewa in ji nauyin muciya, sai layin ya yanke. In kira, ya ƙi shiga. Ruwan ya ƙone a tukunya ina ta danne-danne.

Motar maigidana ma ta tsaya, gidan ya yi tsit. Sauran matan kuwa mazansu suka daina kawo su Magama, tunda babu malama. Na matsa aka kai ni wani ofis da aka ce yana kula da masu buƙata ta musamman. Matar da ke wurin ta saurare ni da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce mai koyar da irin wannan babu shi a kusa, amma akwai sanda. Na ce ina da sanda. Ta ce to in ƙara da wannan.

Da aka buɗe iyaka na aika Magama. Ƙanwar Inna ta ce ai ta koma Damagaram wurin ɗanta, ƙafa ta matsa mata, ba ta iya doguwar tafiya.

Yaya ta koma Daddara da damina ta faɗi. Yanzu mata biyu ko uku sukan zo gidana, in nuna musu abin da na samu, rabi da rabi. Tuwon kuwa ni kaɗai na gwada, wata rana da la'asar, bayan na kori kowa daga tsakar gida. Na sauke tukunyar lafiya. Maigidana ya ci, ina jin yadda yake tauna a hankali.

"Ya yi gudaji ko?"

"A'a, ya yi daɗi."

"Malam, don Allah kar ka yi mini irin ta baƙin birni."

Ya ce, "Ya yi gudaji. Kuma ƙasan ya kama."

Na ce to, gobe ya sayo mini wani garin.