Yaya Ilu da Kwarin da Rediyo Ke Yin Shiru

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Iliyasu, wanda mutanen Unguwar Hajji suka fi sani da Ilu Mai Oba-oba. Ni ma tsufa ya kama ni, kuma waɗanda zan zauna mu yi hirarsa da su sun kusa ƙarewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

A shekarun tamanin ni direba ne a wani shirin lafiyar dabbobi, ina kai masu allurar shanu rugage tsakanin Karaye da Rogo. Yaya Ilu ke kula da rediyon oba-oba na motocinmu. Turakun sadarwa biyu ne, ɗaya a Karaye, ɗaya ta wajen Rogo. In ka yi nisa da wannan sai ka murɗa maɓalli da hannu ka koma wancan, amma ba wanda ya san daidai inda ya kamata a murɗa. A tsakani kuma akwai wani kwari inda duka biyun ke ɗaukewa.

A kwarin nan aka tare mu wata rana da damina, da hantsi, da wani manomi da kububuwa ta sara a gonar gyaɗa. Muka sa shi a mota. Na yi ta kira don a gaya mini inda ake da allurar sarar maciji, gaba ko baya, ba amsa. Na koma baya, ashe a gaba take. Kafin mu juyo ya cika.

Da na ba Yaya labari bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya dai ce, "Sule, daidai ina muryar ta ɗauke?"

Rani biyu ya yi yana bin mu a bayan mota, kunnensa a jikin rediyo. Inda murya ta fara rauni sai ya buga rufin mota in tsaya, ya shafa wa bishiya jan fenti don direbobi su san wurin murɗawa. Ya ƙara wa eriyar Rogo tsawo har ta riƙa isa kwarin. Daga baya ya haɗa wani ɗan akwati da zai zaɓi turken da ya fi ƙarfi da kansa. Da farko abin ya ba mu haushi, don a tsakiyar hanya sai ya yi ta tsalle tsakanin turakun biyu, magana na yankewa. Ya kwashe watanni kafin ya gane maganin: kada akwatin ya saki turken da yake riƙe da shi sai ɗayan ya fi shi ƙarfi sosai, kuma ya ɗan jima a haka.

Ya rubuta wa ofis bayanin duka, har da zane. Ba a taɓa amsa masa ba. Da shirin ya ƙare aka kwance turakun, shi kuma ya koma gyaran rediyon sauraro a rumfa har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Bai ga wayar hannu ba.

Yau nakan ga mutum a motar haya yana waya tun daga Turawa, kiran na wucewa daga turke zuwa turke bai ma sani ba. In ta katse masa sau ɗaya sai tsaki. Ina jin da Yaya na nan ba zai yi mamaki ba. Direba zai sa ya tsaya, ya sauka ya ga me ya katse ta.

Me ya rage nasa? Takardunsa gara ta cinye. Amma akwai wata mata a Falgore, yanzu ta tsufa, da naƙuda ta zo mata da gardama bayan gyaran nan, aka tare mu muka ɗauke ta a mota. Daga cikin kwarin na yi kira, aka ji ni, muka tarar ana jiranmu a asibiti da komai a shirye. Ɗan da ta haifa yanzu shi ma magidanci ne. Duk ranar da ta gan ni sai ta yi ta sa mini albarka. Na sha gaya mata tuƙi kawai na yi, aikin na yayana ne. Takan ce Allah ya jiƙansa, sannan ta ci gaba da yi mini addu'a, don ni ta gani. Na gaji da gyara mata. Yanzu amin kawai nake cewa, a zuciyata ina roƙon Allah ya kai wa mai ita.