Inna Lauratu, Ban Kai Ki Gida Ba

Ranar Talata, 13 ga Nuwamba, 2007, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifiyata, Lauratu Monika Maidaji, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ta haura tamanin. Ina kasuwar Baima ina cinikin riguna aka kira ni, kafin in iso gida ta cika.

Inna, ni ce Hasiya, autarki. Ni na rabo ki da ƙauyenmu na ƙasar Kafur. Na ce ki zo a cire miki yanar ido, ki ga tagwayen da na haifa, ki koma. Ido ya buɗe, amma ban bar ki kin koma ba, domin zamanki ya yi mini daɗi. Ni da maigidana mu fita kasuwa tun safe, mu dawo mu tarar da yara a wanke, tuwo a kwance.

Ba yau kika fara ɗaukar nauyin wasu ba. Da Baba ya rasu ya bar ki da mu, da daddawa da ɗan noman gyaɗa kika riƙe gidan. Kin binne 'ya'ya uku da hannunki, ba wanda ya ji kin yi wa Allah ƙorafi. Kafin a gina coci a ƙauyenmu, kowace Lahadi da ƙafa kike zuwa inda Fada, limamin coci, zai yi sujadar Mas, ni ina goye a bayanki, yayyena na biye suna kukan gajiya, ke kina jan carbi.

A nan ma ba ki canza ba. Ranar Lahadi kya ɗaura zanenki na ƙungiyar mata, a kai ki babban cocin nan na dutse. Ba kya jin Sinanci, ba kya jin Turanci. Na taɓa tambayarki me kike tsinta a wurin. Kika ce, "Su yi da bakinsu, in yi da nawa. Mai saurare ai ɗaya ne." Ranar da kasuwa ta riƙe ni, maƙwabcinmu Alhaji Muntari, ɗan kasuwa daga Kano, shi ke raka ki, ya zauna a waje har a tashi. Da azumin bana kuwa ke kika riƙa dama kunu kina aika wa ɗalibai Musulmi, kina faɗa idan an dawo da kwano da saura. Sinancinki bai wuce "shiye-shiye" ba, wato na gode, amma da shi kika yi ƙawaye a duk benenmu.

Tun watan Satumba kika fara maganar gida. Wata safiya ina ɗaura jaka kika riƙo hannuna.

"Hasiya, dawa ta kusa nuna. Ki mayar da ni."

"Inna, bari a gama baje kolin nan."

Aka gama. Na ce ki bari kwantenarmu ta tashi. Kika dube ni kika ce, "To, Allah ya kai mu." Daga ranar ba ki ƙara tayar da zancen ba, ni kuma na ɗauki shirunki a matsayin yarda, don haka ya fi mini sauƙi. Na ga kin rage cin abinci, na ga kina daɗewa a bakin taga, na ce sanyi ne. Wa zai riƙe mini yara, shi ne abin da ke raina. Mutane suna ce mini kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma da na mayar da ke, da ya ƙare miki a ɗakinki, yayyena na kewaye da ke, Fada ya shafa miki man addu'ar ƙarshe. Sai ya ƙare kina jingine da bango, jikokinki na wasa a gabanki, ba mai jin harshenki a kusa.

An ba mu shawarar ƙona gawa a kai toka, kamar yadda ake yi a nan. Alhaji Muntari ne ya miƙe ya ce, "Inna uwarmu ce. Yadda ta zo, haka za ta koma." Shi da ɗaliban suka yi ta zirga-zirgar ofisoshi har aka sami izini. Jibi za mu taso, a kwantar da ke kusa da Baba.

Ina miƙa ta'aziyya ga yayyena, Illa da Rifkatu, da jikoki, da matan coci da suka yi ta tambayar ranar dawowarki. Ku gafarce ni. Ya Ubangiji, ka ba ta hutawa ta har abada, haskenka ya haskaka mata, ka karɓe ta cikin tsarkakanka. Inna, ba ki taɓa kwana da fushin kowa ba. Ina roƙo kada nawa ya zama na farko. Amin.