Ranar da Mma Wasilatu Ta Hau Gadon Gwaji

In ka shiga unguwar Moshi Zongo a Tamale ka tsaya wajen mai koko ka ce gidan Wasilatu kake nema, za a ce maka wace daga ciki, don masu sunan suna da yawa. Amma ka ce ungozoma mai jan babur, ko akuyar bakin masallaci ta san ƙofar. Kakanta bafatake ne, goro ya kawo shi daga Kano, ya ga Tamale ta yi masa, ya sauke kaya bai ƙara ɗauka ba. Ita ba ta gaji goron ba, bakin cinikin ta gada. In ta fara magana sai ka saya, ko ba ka fito da niyya ba.

Tun tana budurwa take karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti da ke Nyanshegu. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kan riga ta shiga ɗaki. Yaran da ta yanke wa cibiya yanzu wasu malaman makaranta ne, wasu na tuƙa keke mai ƙafa uku, wasu kuwa sun sa farin kaya suna aiki a gefenta.

Matan da ke zuwa awo ko rigakafin yara sun san halinta. Ba ta barin mace ta fita sai ta nuna mata ɗakin ƙarshe, inda ake duba bakin mahaifa saboda sankara.

"Kafin ruwan tuwo ya tafasa an gama," haka take ce musu. "Kunya ba ta taɓa warkar da kowa ba."

To, ga abin da matan ba su sani ba. Su ma'aikatan ba sa shiga ɗakin nan. Yaya za ki kwanta ki buɗe wa wadda za ku sa hannu a kwanon wake da shinkafa ɗaya da rana? Sai suka yi wa kansu dabara. In nas ta ce za ta je Kumasi gaida gwaggonta, kowa ya gane, ba mai tambayar sunan gwaggo. Can za ta je inda ba a san ta ba, a duba ta, ta dawo da tsarabar ayaba. Mma Wasilatu ma haka take yi. Takan zumbula babban hijabi, in aka tambayi sana'arta ta ce atamfa take sayarwa. Wasu kuwa, irin su Fusena mai yi wa yara allura, gwaggon tasu kullum sai baɗi.

Sai ga korona. Aka rufe Kumasi, aka hana ma'aikatan asibitin hutu. Ɗakin ƙarshe kuwa aka mai da shi ma'ajiya, aka cika shi da bokitan wanke hannu da kwalayen takunkumi har gadon ya ɓace a ƙarƙashi, aka sa kwaɗo.

A cikin wannan hali ne wata safiya, tana shirin alwala, Mma Wasilatu ta ga jini. Al'ada ta daɗe da ɗauke mata. Ba ta buƙatar mai fassara, don ita ce ke gaya wa mata ma'anar irin wannan jinin. Ta zauna a bakin gado har aka idar da salla a masallacin unguwa. Ta ce wa ranta a jira a buɗe hanya. Ta jira, jinin ya tafi, ya sake dawowa. Ranar da ya dawo ta hau baburinta, ba ta ko tsaya wajen mai ƙosai ba, sai ofishin Malam Saeed, shugaban asibitin.

"Ɗana, makullin ɗakin ƙarshe na zo karɓa."

"Mma, umarni ne daga sama. Duk abin da ba na gaggawa ba a dakata da shi sai annoba ta lafa."

"Madalla. An sanar da sankarar? Ta ce za ta jira?"

Ya yi dariya a bayan takunkumi. "Mma ke nan. To wa ke da gaggawar?"

"Ni."

Dariyar ta tsaya. Malam Saeed ya dubi teburinsa, ya dubi taga, ya dubi ko'ina ban da fuskarta. Ya ce ko zai yi magana da wani a babban asibiti, a yi abin a asirce.

"Can ma ɗakinsu a rufe yake, kuma rabin yaran ni na koya musu riƙe almakashi. Asirin me ya rage? Miƙo."

Ya miƙa.

Da hannunta ta kwashe kayan. Ta riƙa fito da bokitai tana jera su a baranda da ƙara, garam, garam, har masu jiran magani suka juyo. Fusena ta leƙo ta ce, "Mma, lafiya? Ko gwanjo za a yi?" Ta ce, "Matsa ki ba ni hanya, ko ki kama kwali." Fusena ta kama kwali.

Saura babban aikin. Mutum ɗaya ce a asibitin aka tura koyon gwajin, ita ce Maltiti, 'yar wani manomi daga Gumani. Ita ma Mma Wasilatu ce ta karɓi haihuwarta, wata damina da uwar ta sha wuya har aka fid da rai. Shi ya sa kowace safiya Maltiti kan durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ko da tiren allura a hannu. Badagombiya ce, Hausarta ta zango ce, wadda mace da namiji duk "kai" ne.

Da ta ji abin da ake so ta yi, sai ta ja da baya har ta jingina da ƙofa.

"Mma, kai ka yanke cibiyana. Kai uwana ne. Idona ba zai iya ba."

"Idonki ya iya na matan gari duka."

"Su ba su haife ni ba. In aka ji a Gumani na ga tsiraicin Mma, da wane fuska zan shiga gida? Ka jira kaɗan, za a buɗe Kumasi."

Mma Wasilatu ta zauna a bakin gadon ta cire takalmi, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye su a jere.

"Zo nan, Maltiti. Ni na ga naki kafin uwarki ta gani. Tsirara kika zo min, kina ihu kamar an ƙwace miki gona, har fitsari kika yi min a riga. Na taɓa yi miki gori? To yau ranar ramuwa ce. In kuwa kunyata kike ji, ki zaɓa: ki duba ni yau ina magana, ko ki zo ki tsaya a ƙofa ranar da matan zango za su wanke ni. Su ba za su ji kunya ba."

Hawaye suka jiƙa bakin takunkumin Maltiti. Can ta je ta wanke hannu, ta sa safar hannu. Ta ɗauko wani zane ta ce, "To bari in rufe fuskarka."

"Ajiye. Mai sayar da atamfa ce ke rufe fuska. Ni Wasilatu ce."

Ta kwanta. Ta ƙanƙame gefen gadon da hannu. Ta ɗaga ido ta ga tsagar da ke jikin silin, da wata tsaka a maƙale. Ashe abin da matan ke kallo ke nan duk shekarun da take turo su. Da ƙarfen gwajin ya taɓa ta sai ta zabura.

"Kai! Haka yake da sanyi kullum?"

"Haka yake, Mma."

"Ba wadda ta taɓa faɗa min."

"Wa zai faɗa maka?"

Maltiti ta shafa ruwan gwajin, ta gyara fitila, ta duba. Ta ƙara matso da fitilar, ta sake dubawa.

"Yi magana."

"Mma..."

"Ki faɗa kamar ma'aikaciya, ba kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa ba."

Maltiti ta gyara tsayuwa. "Akwai wuri da ya yi fari, kuma yana jini in an taɓa. Sai an yanki kaɗan an kai babban asibiti."

"Yauwa. Haka ake faɗa."

Sankara ce, amma ba ta yi nisa ba. Likitan da ya duba sakamakon ya ce da an ƙara jinkiri da maganar ta canza. Aka cire mahaifar. Da 'yan'uwa suka zo dubiya suna jajantawa, ta ce su bar ta, mahaifa ta gama aikinta, ta yi ritaya kafin mai ita.

Da ta warware ta koma aiki, ta tarar Malam Saeed ya samar wa bokitan wani wuri, don ba wanda ya yi ƙarfin halin mayar da su. Ta sayo ƙaramin fulas ta ba Maltiti, ta ce daga yau a riƙa ɗumama ƙarfen da ruwan ɗumi kafin ya taɓa kowace mace. Ba duka ma'aikatan ne suka shiga ɗakin ba. Har yau akwai masu sauya hanya in sun hango ta a baranda.

Bayan an buɗe hanyoyi, wata rana Fusena ta zo tana gyara ɗankwali, tana kallon ƙasa.

"Mma, ina so in je Kumasi in gaida gwaggona. Wannan karon da gaske nake."

"Ba ki ji ba? Gwaggon ta taso, ta tare a ɗakin ƙarshe."

"Haba Mma, Maltiti ce fa. Jiya tare muka ci tuwo."

"Gobe ma tare za ku ci. Wuce, ruwan fulas bai huce ba."

Fusena ta tsaya jim, ta dubi ƙofar, ta dubi Mma Wasilatu. Sai ta sunkuya ta fara kwance igiyar takalminta.