Motar Baba Ta Koyi Shan Mai

Babana direba ne, kuma a kan mai ba ya raga wa kowa. Motarsa mai dizal ce, ya san cinta fiye da yadda ya san cin 'ya'yansa. Kullum da safe sai ya duba iskar taya, wai taya mai laushi ɓarauniyar mai ce. Ka ce ya kunna esi, sai ya nuna maka taga. Mama kan ce da man zai yi magana, da ya roƙe shi ya bar shi ya ƙone ya huta.

Akwai wata ɗabi'a da ya gada daga tsofaffin direbobi: in ya zo gangare sai ya kashe injin, motar ta sulale da kanta. Shekara ashirin yana yi. Ran da abin ya faru, Mama ce a kujerar gaba. Wata babbar mota ta tsaya a ƙasan gangaren, ya taka birki, birki ya ƙame, don injin a kashe yake. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ita ba ta kai asibiti ba.

Aka gyara motar, ya koma aiki, sai ta fara shan mai kamar ba gobe. Makanike ya sauya filta, ya wanke nozul, ya ɗaga kafaɗa. Yayana ya ce a sayar da ita, Baba ya zauna a gida. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don na san ran da aka raba shi da sitiyari, shi ma mun rasa shi. Na ce a bar ni in bi shi yini guda.

Tuƙinsa lafiya lau. Amma a tasha bai kashe motar ba. A wurin cin abinci ma haka, tana ta gurnani ita kaɗai. Da la'asar muka tsaya a ƙofar gida, ya kai hannu ga makulli, hannun ya tsaya, ya kasa murɗawa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun ranar. Maƙwabcinmu tela ke kashe min, in yana nan." Ya janye hannunsa daga makullin. "Kashe min, 'yar nan. Kar ki faɗa wa yayanki."

Na murɗa makullin. Shiru ya cika motar. Sai na ga ya ƙanƙame sitiyari, ƙafarsa tana danna birki da dukan ƙarfinsa, alhali a tsaye muke a ƙofar gidanmu.