Tafintan Inna

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Yaron nan" take cewa, ko da ina tsaye a gabanta, har yau da furfura ta fara leƙo mini. Idan na kira waya daga Lyon inda nake aiki, gaisuwa biyu take yi ta miƙa wa ƙanwarta. Na sha jin haushin wannan kunya, ban ɓoye ba.

Wata damina ƙanwar tata ta kira ni. Inna na ramewa, ta ƙi gaya wa kowa abin da ke damunta, ga ruwa ya cinye hanyar garinmu zuwa asibitin Maraɗi. Ta hannun wani abokin aikina na samu wata likita a Paris da ta yarda ta duba ta a bidiyo. Likita ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin Faransanci, dole ni zan yi tafinta.

Lokacin hutun cin abincin rana na shiga mota a bakin masana'antarmu a Saint-Fons kusa da Lyon, na haɗa mu uku. Inna na ganin fuskata ta kawar da kai, ta ja mayafi.

"Ina ke miki ciwo?" na fassara tambayar likita.

"Lahiyata lau," ta ce da bango.

Sau uku muna haka, likita ta fara duba agogo. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi faɗa. Sai na lura hannun Inna na dafe da ƙirjinta ta cikin mayafi, na gane ba taurin kai ba ne. Ciwon yana wurin da uwa ba ta ambata wa ɗanta, balle na fari.

Na kashe kyamarata.

"Hajiya," na ce, "yaron nan ya hita. Tafintan likita ne ke magana."

Ta san ƙarya nake. Can ta fara magana a hankali. Ƙullutu ne a nonon hagu, wata huɗu ke nan, ba ya zafi amma yana girma. Na riƙa juya kalmominta ɗaya bayan ɗaya, tsoro ya cika ni, hawaye na zuba a kan rigar aikina. Likita ta ce kada a jira ruwa ya janye, a kai ta babban asibiti cikin makon nan ko ta wace hanya. Na faɗa wa Inna, ina jiran gardama, don ba ta ƙaunar asibiti ko kaɗan.

"Tafinta," ta ce.

"Na'am, Hajiya."

"Ka ce ma yaron nan za ni. Ka ce mishi kuma ya bar kukan nan, ina jin shi."