Mutum na Goma a Majami'ar Kawu Zalmen

Kawu Zalmen Roitman bai taɓa yarda da kowa ba, kuma ba sharri nake masa ba, ƙanin mahaifiyata ne, a gidansa na girma. Ko ƙwai matarsa Inna Gitl ta fasa, sai ya ɗaga kofin sama ya duba ko da ɗigon jini, don addininmu ya hana cin irinsa, alhali ta riga ta duba. Mahaucin ƙauyenmu kuwa ya ga ta kansa. Kullum sai ka ji, "Kai Berl, miƙo wuƙar nan in shafa bakinta." Shekara da shekaru yana tatsar shanu a gonarsa a Entre Ríos, mabuɗin majami'armu ta Yahudawa kuma na ɗaure a ƙugunsa, ko wanka ba na jin yana cire shi.

Samari duk sun watse, wasu Buenos Aires, wasu Isra'ila. Aka wayi gari maza tara suka rage, mu kuwa ba a yin addu'ar jam'i sai da maza goma. Mu mata muna bayan labule, ba a lissafa mu, ko da mun cika ɗakin.

Ana cikin haka wani mai gyaran keken ɗinki ya sauka a garin, Izak Belzer. Ya ce shi Bayahude ne daga Besarabiya, yaƙi ya cinye danginsa kaf. Tsofaffi suka yi ta murna kamar an yi musu haihuwa. Ban da Kawu.

"Wa ya san ubansa?" in ji shi. "Ku dubi bakinsa mana. Yana tsaye can baya, leɓensa ko motsi ba ya yi. Jiya Asabar, ranar da aka hana mu kunna wuta, da idona na ga hayaƙin taba ta tagarsa."

Gaskiya ni ma hankalina bai kwanta da mutumin ba. Ba ya kallon idon mutum, kuma in ka ba shi mate, shayinmu na ganye, sai ya zuƙa sau ɗaya ya mayar.

Sai Inna Gitl ta rasu. Ba su haihu ba, don haka Kawu ne zai karanta mata Kadish, addu'ar mamaci, har watan makoki ya fita. Ita ma ba ta yiwuwa sai da goma. In Izak namu ne, an cika. In ba namu ba ne, addu'ar banza aka yi.

Reb Shloime, tsohon da ya koya wa kowa karatu, ya ja Kawu gefe a gabana.

"Zalmen, ka san inda goman nan ta samo asali? 'Yan leƙen asirin da Musa malaminmu ya aika ne, goman da suka dawo suka ɓata ƙasar alkawari da bakinsu. Su Attaura ta kira jama'a. Mugayen jama'a, amma dai jama'a. To mai shan taba ranar Asabar ya kai su laifi?"

"Reb Shloime, waɗancan mugaye ne, amma an san iyayensu. An rubuta sunan kowa da ƙabilarsa. Wannan fa?"

"Kai dai Allah ya shirye ka."

Ranar da aka fito da Attaura, ina leƙe ta gefen labule, sai na ji Kawu ya ɗaga murya ya kira Izak ya hau ya karanta addu'ar albarka a kan littafin. Nan take na san tarko ne. Izak bai motsa ba.

"Taho mana, ɗan'uwa," Kawu ya ce, har da murmushi. "Layi biyu ne. Yaron goye ma ya iya."

"Tun yaƙi ni da Allah ba ma magana," in ji Izak a hankali. "Don ku nake zuwa, don lissafinku ya cika."

"To faɗi kalmar farko kawai. Wadda uwarka ta koya maka."

Berl ya ce, "Haba Zalmen, ka ji tsoron Allah!" Izak ya cire mayafin addu'ar da aka ara masa, ya ninke shi tsaf, ya ajiye a kan benci ya fita. Har yau ban sani ba, ya kasa ne ko ya ƙi. Ninkin dai irin namu ne, amma mai ido na iya koya.

Suka koma tara. Na yi kuka, na yi masifa. Na ce, "Kawu, matar nan ta yi maka bauta har ƙarshen ranta. Ka taka ka je ka ba mutumin nan haƙuri, ƙafarka ba za ta karye ba!"

"In kuma ba namu ba ne fa?" Abin da ya iya cewa ke nan.

Kowace safiya sai ya buɗe majami'a, tsofaffi su zauna, kowa ya yi addu'arsa shi kaɗai, idan an zo wurin Kadish a yi shiru a tsallake. Kafin watan ya ƙare Izak ya tattara kayan aikinsa ya hau jirgin ƙasa.

Ranar fitar makoki na raka Kawu makabarta. Ya ɗora ɗan dutse a kan kabarin. Ya tsaya kamar zai karanta wani abu, sai na ji ya ce:

"Gitl, ki yi haƙuri. Ban samo miki addu'a ta gaske ba, na kuma kasa ba ki wadda ban tabbatar ba."