Malama Zuwaira, wadda ta sa na ce wa ɗana "kai"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya daga Bande, wai Malama Zuwaira ta rasu.

Ita ta koya mini karatu a shekarun saba'in, a ajin yaƙi da jahilci na mata, ƙarƙashin rumfa bayan la'asar. In goyona ya yi kuka, sai ta karɓe shi ta ce in ci gaba da rubutu.

A lokacin ne aka kai ɗan farina lekol, wato makarantar boko, a Damagaram. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ya ci abinci? Zazzaɓin damina ya kama shi? Amma ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba na zama hira da shi. Da ya zo hutun bakansi, "An dawo?" kawai na ce, na shige ɗaki.

Sai na ji yana gaya wa ƙanwarsa wai Inna ba ta damu da shi ba.

Na kai wa Malama kukana. Ta ce in yi masa waƙa. Na rubuto mata: "Wani yaro ya tafi birni."

Ta yi dariya. "Wane yaro, Yaya? Na maƙwabta? Goge. Takarda ba ta san kunya ba. Ki ce masa kai."

Da kyar hannuna ya yarda:

Kai da na goya ban kira ba,
bakina ne shiru, ba cikina ba.
In an ba ka tuwo can, ka ƙoshi,
in ka ƙoshi, ni ma na ci.

Ita ta ba direban motar Magariya ya kai masa Damagaram. Bai taɓa yi mini zancen waƙar ba, ni ma haka. Amma da ya sake dawowa, ya jawo tabarma ya zauna kusa da murhu ina tuƙi.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, a wani suna a Waca. Idonta ya tafi, da murya ta gane ni. Ta riƙe hannuna ta ce, "Har yanzu ba ki kama sunan tsohon ɗan nan naki ba? An ce har furfura ya yi!" Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce in rera mata waƙar. Na mance layi ɗaya, ita ta tuna mini.

Yanzu in na sake mancewa, ban san wa zan tambaya ba.

Allah ya jiƙan Malama, ya haskaka kabarinta, ya ba ƴaƴanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya ga wannan ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku.